Filin Kayan Zamani: Babbar lasifika da ƙaramin ampili, wane ne ke ƙone wani?

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, wake da gyaɗa sun fita kasuwa, kuɗi kan ɗan zauna a aljihun mutane, kuma a wannan lokaci ne cinikin kayan sauti ke tashi a shagunan Maraɗi da Tasawa da Mayahi. Ɗan kasuwar Sarkin Hausa da ya kai kaya birni ba ya son komawa gida hannu sake; malamin lakwal ko ma'aikacin asibitin da aka tura aiki can yana son abin da zai ɗebe masa kewa da dare, ya ji labarai, ya ji wa'azi, ya ji kiɗa. Abin da ido ke fara faɗa wa a shago kuwa shi ne akwatin lasifika, wanda takardun Faransanci ke kira baffle: dogo, baƙi, mai baki uku, an manna masa lamba mai sifili da yawa. Sai mutum ya zuba kuɗinsa a kan akwatunan, ya ce ai yana da ampili a gida, wato ƙaramar na'urar nan mai haɗe da rediyo da ya saya shekarun baya. Kafin watan ya ƙare, ɗaya daga cikin biyun yana teburin mai gyara, mai saye da mai sayarwa kuma sun daina gaisawa.

Wannan rigima tsohuwa ce, kuma tushenta rashin fahimtar lamba ɗaya. Wat ɗin da aka rubuta a bayan lasifika iyakar abin da za ta iya ɗauka ne kafin ta lalace. Buhun da ke cin tiya 40 ba ya ƙin tiya 5. Yana karɓa, ya zauna lafiya. Haka lasifika mai wat 200 take: ampili mai wat 20 yana iya sa ta magana, kuma babu abin da zai same ta muddin ba a matsa masa ba. Lambobin da suka kamata mai saye ya nema guda biyu ne, ƙanana, waɗanda ba a rubuta su da jan fenti: ɗaya tana faɗin yawan ƙarar da lasifikar ke bayarwa idan an ba ta wat ɗaya tak, ɗayar kuma tana faɗin irin nauyin da za ta ɗora wa ampili.

Ta farko ana auna ta da desibel, ma'aunin ƙarfin sauti da ya samo sunansa daga Alexander Graham Bell. Masu ƙera lasifika sukan ba ta wat 1, su tsaya nisan mita 1, su auna abin da ya fito. Yawancin na ɗaki suna tsakanin desibel 85 da 92. Ga ido wannan tazara ba kome ba ce, amma lissafin desibel yana da nasa hali: duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat sau biyu, ƙarin desibel 10 kuwa sai an ninka shi sau goma, kuma a nan ne kunne ke jin kamar sautin ya ninka. A ɗauki akwati biyu a shago ɗaya, na farko mai desibel 91, na biyu mai 85. Bambancin desibel 6 ne, wato ninki huɗu. Ƙarar da na farko zai bayar da ampili mai wat 20, na biyu ba zai ba da ita ba sai da mai wat 80. Mai ƙaramin ampili da ya ɗauki na biyu don ya fi kyan katako ko ya fi nauyi, ya sayi doki ne alhali abincin jaki yake da shi.

Daga nan ake gane wani abu da masu shago ba su cika faɗi ba: tashi daga ampili mai wat 50 zuwa mai wat 100 desibel 3 kaɗai yake ƙarawa, ƙarin da kunne ke lura da shi amma ba ya girgiza kowa. A cikin ɗaki mai faɗin mita 4, sauraren da ba ya hana hira ba ya cin fiye da wat 1 ko 2. Sauran ƙarfin ajiya ne don lokacin da ganga ta faɗo ko mai wa'azi ya ɗaga murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana gargaɗin cewa babban mutum da ke sauraren abin da ya wuce desibel 80 fiye da awa 40 a mako yana cutar da kunnensa, kuma ƙaramin ampili yana wuce wannan iyaka ba tare da wahala ba.

Lamba ta biyu ita ce om, mai alama kamar kofaton doki, wadda aka sa wa sunan Bajamushen nan Georg Ohm da ya bayyana ƙa'idarta a 1827. A nan ne ampili ke mutuwa. Om yana nuna yadda lasifika ke tare wutar da ake tura mata. Idan lambar ta yi ƙasa, hanya ta buɗe, wuta ta kwarara da yawa, kuma ampili ne ke biyan kuɗin. A ɗauki ampili mai wajen wat 30, wanda ke fitar da bolt 16 idan an buɗe shi sosai. Lasifika mai om 8 za ta ja amper 2. Mai om 4 za ta ja amper 4. Idan aka sauko om 2, amper 8 ke nan ake nema daga tiransistocin da aka yi domin 2 ko 3. Suna ƙoƙarin bayarwa, suna zafi, har su narke daga ciki.

Ta yaya ake saukowa om 2 alhali ba wanda ya sayi lasifika mai om 2? Ta hanyar tara su a baki ɗaya. Maigida ya sa biyu a ɗaki, ya ga ya kamata zaure ma ya samu, ya murɗe wayoyin wuri guda ya cusa a rami ɗaya. Duk lokacin da aka haɗa biyu haka, ja da ja, baƙi da baƙi, lambar om tana rabewa biyu: 8 da 8 su koma 4, 4 da 4 su koma 2. Ampili mai maɓallin A da B ma yawanci haka yake haɗa su a cikinsa, shi ya sa ake rubuta gargaɗi da ƙananan baƙaƙe kusa da ramukan, cewa idan za a kunna A da B tare, kowace lasifika kada ta gaza om 8. Rubutun nan na bayan ampili ya fi duk abin da ke gabansa amfani, kuma shi ne ba a karantawa. Wanda ya zama dole ya haɗa biyu masu om 4, sai ya jera su kamar raƙuman ayari, wayar ta fita daga ta farko ta shiga ta biyu sannan ta koma ampili; a haka lambobin taruwa suke yi su zama 8. Sautin zai ɗan ragu, na'urar kuwa za ta yi shekaru. A kuma sani cewa om ɗin da aka rubuta matsakaici ne. Yana hawa yana sauka gwargwadon kaurin sauti, kuma manyan akwatuna masu baki uku ko huɗu sukan faɗa ƙasa da lambarsu a daidai wurin da ganga ke bugawa. Irin waɗannan ne masu gyara ke cewa suna da ci.

To, ita lasifikar fa, me ke ƙone ta? A nan mutane da yawa kan yi mamaki, domin hankali yana ba da cewa ƙaramin abu ba zai iya lalata babba ba. Kowane ampili yana da rufin da ba ya iya wucewa. Idan aka ci gaba da murɗa maɓallin ƙara bayan ya kai wannan rufi, sautin ba ya ƙara tashi. Kawunansa ne ake yankewa, kamar dogon mutum a ɗaki mai gajeren rufi. Murya ta shaƙe, kiɗa ya koma tsatsa da kakari. Wannan yankakken sauti cike yake da siraran ƙararraki masu kaifi, ga shi kuma ba ya sassautawa ko na ƙiftawar ido, kuma duk siririn sauti ƙaramin bakin nan na sama ake tura wa. Shi kuwa naɗin wayarsa bai fi gashin kai kauri ba. Ko da an rubuta wat 200 a jikin akwati, rabonsa a ciki ɗan kaɗan ne. Sai ya yi zafi ya tsinke. Washegari maigida ya ji kiɗa kamar daga cikin rijiya, ya rantse an sayar masa da jabu. Babban ampili ma yana ƙone lasifika idan aka yi masa wauta, amma a wannan yanki ƙaramin da aka matsa wa ya fi yin ɓarna, domin shi ne a hannun mutane. Kuma kunne yana ba da labari tun kafin hanci ya ji ƙauri: da zarar murya ta fara shaƙewa, an wuce iyaka, sai a koma baya. A yawancin ampili wannan iyaka tana zuwa tun maɓallin yana wajen tsakiya, musamman idan an cika maɓallin kaurin sauti, wanda shi kaɗai kan ninka abin da ake nema sau da yawa.

Sai maganar manyan lambobin da ke jikin kwali, wat 2000, wat 5000, da haruffan PMPO a gefe. Waɗannan haruffa ba su da wani ma'auni da aka yarda da shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja ido. Wannan ha'inci ya yi yawa a Amurka har hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kafa doka a 1974, ta tilasta wa masu sayar da ampili su faɗi ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba yankewa, ɓangarorin biyu suna aiki tare. Shi ne lambar da ake gani da haruffan RMS. Kayan da ke shigowa ta Kwatano, ko daga kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano su biyo ta Jibiya da Ɗan Isa, ba wanda ke tilasta musu wannan. Amma akwai hanyar kama maƙaryaci ba tare da na'urar awo ba. A juya ampilin, a duba ƙaramin allon da ke kusa da wayar kuran, inda aka rubuta abin da yake ci. Na'urar da ke cin wat 60 daga bango ba ta iya fitar da 3000, kamar yadda rijiya ba ta ba da abin da ba ta tara ba. Abin da za ta bayar bai kai abin da ta ci ba, a kuma raba shi biyu tsakanin dama da hagu. Rediyon mota da ake ɗaurawa a batir, mai rubutun wat 50 sau huɗu, shi ma haka: da bolt 12 da lasifika mai om 4, lissafi bai ba shi fiye da wat 18 na sauti mai tsabta a kowane baki ba.

Duk wannan gaskiya ne a ko'ina cikin duniya. Abin da ya ƙara tsananta shi a gundumomin Mayahi da Tasawa shi ne zafi da ƙura da halin kuran. Ampili irin na da, mai nauyin taransifoma, yana mai da kusan rabin wutar da ya ci zafi, kuma masu ƙera shi sun yi lissafinsu ne da ɗaki mai sanyi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a inuwa, ɗakin kwano ya riga ya cinye rabin haƙurin na'urar tun ba a kunna ta ba. Sannan ga kyakkyawar al'adar nan ta uwargida, ta rufe kayan ɗaki da ƙyalle mai ado don kare su daga ƙurar hunturu. Niyyar mai kyau ce, amma ƙyallen yana toshe ramukan da zafi ke fita. A rufe idan an kashe, a yaye idan an kunna, a bar tazarar tafin hannu sama da gefe, kada a ɗora rediyo ko talabijin a kansa. Ƙurar da ta riga ta shiga kuma, mai gyara ya hure ta sau ɗaya a shekara bayan hunturu.

Kuran ɗin da Nijelek ke rabawa a jihar Maraɗi, mafi yawansa daga Najeriya yake zuwa, ta babban layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa. Kowa ya ga abin da wannan ke nufi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta maido ta ba sai a Maris na 2024. A watannin nan gidaje da shaguna da yawa sun koma ga gurup da batir da farantin hasken rana, abin da ƙauyukan da layi bai kai ba suka daɗe a kai. Ampilin da aka yi domin bolt 220, idan wuta ta yi ƙasa da yamma, rufinsa ma ƙasa yake yi, sai ya fara shaƙewa a wurin da jiya yake lafiya. Ƙaramin gurup kuwa yakan yi tsalle idan aka kashe wani abu mai ci da ke kansa, kuma wannan tsalle ya kashe na'urori da yawa. Ƙa'idar ita ce ampili ya zama na ƙarshen kunnawa, na farkon kashewa. Haka kuma tun faɗuwar darajar sefa a ranar 12 ga Janairu 1994, da farashin sabon kaya daga waje ya tashi, mutane suka saba da na gwanjo, kuma a cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, irin su tsofaffin Pioneer da Sansui da Technics. Sai dai wanda aka yi domin Amurka bolt 120 yake so, na Japan kuma 100. Cusa shi a bangon Tasawa ba tare da taransifoma ba, hayaƙi ne nan take.

Ga mai batir da farantin rana, zamani ya kawo sauƙi. Akwai ƙananan ampili da ake kira aji D, waɗanda ke mai da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci sauti, ba sa zafi sosai, kuma da yawansu suna aiki kai tsaye da bolt 12 ko 24. Sun fi dacewa da gidan karkara a kan a ɗauki tsohon ampili a bi da shi ta na'urar da ke juya wutar batir zuwa 220, wadda ita ma tana cin nata rabon, masu arahar cikinsu kuma suna sa gurnani a lasifika. Amma su ma ƙarfinsu yana bin bolt ɗin da aka ba su: wanda aka rubuta wa wat 50 a bolt 24 ba zai ba da rabin haka ba a bolt 12.

Yawancin kayan ɗaki ba a ɗaki suke mutuwa ba. Ranar suna ko ɗaurin aure suke mutuwa, lokacin da maƙwabci ya zo aro, kunya ta hana a ce a'a, aka fitar da su tsakar gida ko ƙofar gida. A ɗaki, bango da rufi suna maido da sauti. A fili ba abin da ke maido shi, kuma duk ninkin nisa yana cin desibel 6. Wanda ke zaune mita 8 daga lasifika ya rasa desibel 18 a kan na mita 1, kuma cike wannan giɓi yana bukatar ninka wat fiye da sau 60. Yaran da aka bar wa na'urar ba su san wannan ba, abin da suka sani shi ne na baya ba sa ji, sai su murɗe maɓalli har ƙarshe su bar shi haka yini guda. Aikin fili na amsa-kuwwa ne mai bakin kakaki, irin TOA ta Japan ko Ahuja ta Indiya da ke kan masallatai, wadda ke ba da desibel 105 ko fiye da wat ɗaya. Tsakaninta da akwatin ɗaki akwai wajen desibel 20, wato ninki ɗari; shi ya sa kiran salla ke ratsa gari da ampilin da bai fi na ɗaki ƙarfi ba. Ba ta da daɗin kiɗa, domin ba ta fitar da kaurin ganga, amma an yi ta domin nisa. Maigidan da ya biya wa maƙwabcinsa kuɗin hayar kayan biki na yini ɗaya ya fi wanda ya ba da aron nasa riba, zumuncin ma ya fi tsira.

Saura batun wanda zai biya idan abu ya ƙone. Malamai sun karantar, kamar yadda yake a babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa ɓoye aibin kaya da algus ba su halatta ba, kuma mai saye yana da damar mai da abin da ya tarar da aibi a cikinsa. Mai shagon da ya san lambar kwali ƙarya ce ya kuma rantse a kanta, ko ya san an taɓa naɗe bakin lasifika ya yi shiru, ya shiga wannan hukunci. Amma lasifikar da ta bar shago lafiya aka ƙone ta a gidan biki, wannan ba aibi ba ne, ɓarna ce, kuma mai gyara yana ganewa da ya buɗe: naɗin da zafi ya cinye baƙi yake, yana ƙauri, wanda ya tsinke don rashin ingancin ƙira kuwa jan ƙarfensa na nan da haskensa. Abin da zai raba gardama tun ba ta taso ba shi ne mai saye ya ɗauko ampilinsa ya zo da shi shago. A haɗa, a kunna abin da ya saba ji, da ƙarar da ya saba, a bar shi minti 20 ko 30 ana shan shayi, sannan a ɗora hannu a kan murfin. Ɗumi ba laifi ba ne. Idan hannu ya kasa zama, ko na'urar ta kashe kanta, waɗannan akwatuna ba nata ba ne, kome kyansu. Ɗan kasuwar da ya yarda da wannan gwaji zai rasa ciniki ɗaya ko biyu a wata, amma mutanen Sarkin Hausa da kewaye suna gaya wa juna shagon da kayansa ba sa dawowa.

Wanda kuwa ya riga ya saya, akwatunan suna ɗaki, kuɗin sabon ampili babu, ba sai ya sayar da su da hasara ba. Ya tsaya ga biyu kawai, ɗaya a kowane ɓangare. Ya matso da su kusa da bango ko kusurwa, inda kaurin sauti ke ƙaruwa kyauta, ya mai da maɓallin kauri tsakiya. Ya canza siririyar wayar nan da ake bayarwa kyauta da wayar kuran mai kaurin milimita 1,5, gajera gwargwadon hali, ya tabbata ja yana kan ja a ɓangarorin biyu, domin idan ɗaya ta juye akwatunan suna cinye kaurin juna, mutum ya yi ta ƙara murɗawa yana neman abin da wayarsa ta ɓatar. Ya kuma murɗe bakin wayar sosai, kada silin jan ƙarfe ɗaya ya taɓa na kusa da shi, don wannan kaɗai ya isa ya kashe tiransisto.

Idan takardar bayan akwatin ta goge, ko an taɓa kai shi gyara, mai gyaran rediyo yana iya auna shi da ƴar na'urarsa cikin minti ɗaya. Lasifika mai om 8 takan nuna wajen 6 a wannan awo, mai om 4 kuma wajen 3. Ya kamata a yi wannan musamman bayan an sake naɗe baki, domin mai naɗi yana aiki ne da wayar da ya samu a kasuwa, kuma akwatin da ya tafi gyara yana om 8 yana iya dawowa yana 4, takardarsa kuwa tana nan tana cewa 8.